Sabon Hannu a Kan Kunama

Lokacin da muke yara, kalmar 'yan bindiga ba ta sa gaban kowa faɗuwa. 'Yan bindiga su ne mutanen da ke tafe gaban hakimi ranar hawan Sallah, a Funtua gaban Sarkin Maska, a Malumfashi gaban Galadima, suna ɗura albarushi suna sakin ƙara sama, hayaƙi ya turnuƙe, dawakai su zabura, yara su toshe kunne suna bin su da gudu. Sana'a ce ta gado, mai sarkinta da ladabinta. Yau idan aka ce 'yan bindiga, kowa ya san ana nufin waɗanda ke fitowa daga daji a kan babura. Tsakanin waɗancan da waɗannan kuma an samu wani rukuni na uku da ba a cika maganarsa ba: manomi da tela da malamin firamare da mai cajin waya, waɗanda larura ta ɗora wa bindiga a kafaɗa. Kowannensu yana da ranar da ya fara riƙe ta, kuma yadda aka yi da shi a wannan rana shi ne abin da ya dame mu.

Ba sai an tuna wa mutumin kudancin Katsina yadda aka zo nan ba. A watan Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Funtua da Bakori da Malumfashi da Faskari da Sabuwa da Ɗandume. A wannan shekara ce gwamna Aminu Bello Masari ya fito fili, ba sau ɗaya ba, ya ce wa jama'a su nemi makami su kare kansu. A watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta yi irin wannan kira, har da batun raba takardun neman lasisi, amma 'yan sanda suka ce ba su buɗe bayar da lasisi ba. A watan Oktoban 2023 gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha da matasa sama da 1,400 a zubin farko. A watan Agustan 2025 kuma aka buɗe wa masallata wuta da asuba a Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi, aka kashe gomman mutane. Duk wanda zai yi wa manomin Faskari wa'azin ya ajiye bindiga, sai ya fara gaya masa wa zai tsaya masa a gona lokacin yankan masara.

An ce wa mutane su nemi makami. Ba a ce musu ga inda za su koyi riƙe shi ba.

A duk faɗin yankinmu babu filin koyon harbi da farar hula zai je ya ce yau ce ranata ta farko, a koya mini. Filinmu shi ne bayan gari, gindin wani tudu ko bakin tsohon kududdufin da aka haƙi ƙasar gini, da yamma, a ɓoye. Mu da aikinmu rubuta manhajar kwamfuta ne, watannin da aka katse layi sun mayar da mu zaman gida, sai dai a bi hanyar Zariya neman inda waya za ta kama. A lokacin ne unguwa ta tsara sintirin dare, aka ce kowane gida ya ba da mutum. Mafi yawanmu fitila da gora da usur muka riƙe. Amma an kira mu bayan gari wata Juma'a da la'asar, wai a ga wanda zai iya.

Abin da muka gani a ranar ya fi kama da wasan ƙure fiye da koyarwa. Babu wanda ya tambayi kowa ko ya taɓa riƙe bindiga, domin amsar a fili take, kuma ita ce abin nishaɗin. Aka jingina tsohon kwano a kan tudu. Jagoran masu sintirin ya ɗauko bindigar toka, ya juya baya ya ɗura, abokansa na murmushi. Daga baya muka gane cewa da gangan ake ƙara wa baƙo albarushi don ta doke shi. Aka miƙa wa wani yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai, mai gyaran waya, wanda ko kaza ba ya son yankawa. Ya ce, "Yaya, a ina zan dafa ta?" Aka ce masa, "Kai ba namiji ba ne? Ja kawai." Ya ja. Ƙarar ta tashi, gindin bindigar ya naushe shi a ƙashin wuya, ya zauna daɓas, bindigar ta faɗi gefe bakinta na kallon ƙafafun mutane. Aka bushe da dariya, har da masu riƙe ciki. Ya tashi yana kakkaɓe wando yana dariyar shi ma, irin dariyar da mutum ke yi don kada a ga idonsa ya kawo ruwa. Kwana uku kunnensa na dama na ƙugi.

Dukan kafaɗa yana warkewa. Abin da ba ya warkewa da wuri shi ne darasin da yaron ya ɗauka: tambaya abin kunya ce. Wanda ya koyi haka ranar farko, ranar da bindiga ta ƙi tashi a hannunsa ba zai kira kowa ba. Zai juyo da bakinta ya leƙa. Masu bindigar toka kuwa sun san tana da wani hali, a ja kunama ta yi shiru, sai bayan ɗan lokaci ta tashi. Sun kuma san wanda ya manta ya ɗura, ya sake ɗurawa a kai, yana iya rasa yatsu ko ido, domin yawancin irin waɗannan bindigogi ƙirar maƙeran gida ne, ƙarfen bakinsu ba a gwada shi a masana'anta ba. Duk wannan ilimi yana cikin kawunan mutanen da suka tsaya suna dariya. Babu mugu a cikinsu, mutane ne da suke kwana a waje don mu yi barci. Haka aka yi musu, haka suke yi wa na baya.

Abin mamaki, ba haka gargajiyarmu take ba. Muna da kawu, wan mahaifiyarmu, tsohon maharbi a wani ƙauye tsakanin Bakori da Ƙafur, wanda ya yi farauta tun dajin bai zama abin da ya zama ba. Da muka ba shi labarin wannan yamma, sai da ya ajiye goron da yake ɓarawa. Ya ce a zamaninsu yaro kan yi shekaru yana bin ubangidansa, yana ɗaukar burgami da gorar ruwa, yana kula da karnuka, yana koyon sawu da iska, kafin a bar shi ya ɗauki bindiga ko da babu komai a cikinta. Idan aka ba shi ɗauka, wata da watanni ana kallon inda bakinta ke fuskanta idan zai tsallake rafi, idan zai sunkuya ƙarƙashin reshe, idan zai gaisa da mutum. Ranar da ya juya ta wajen ɗan'uwansa, ko cikin mantuwa, ranar za a karɓe, ya koma ɗaukar gora. "Ɗana," in ji shi, "harbi ai shi ne na ƙarshe. Jan kunama ko biri ya iya."

Muka ce masa, "Kawu, ai yanzu babu shekarun. Mutanen nan ba za su jira yaro ya gama ɗaukar gora ba." Ya yarda. Ya ce shi ya sa abin ya fi ba shi tsoro, domin da can kuskuren sabon hannu gada ce ta tsere, yanzu kuwa maƙwabci ne ke kwance.

Addini ma bai bar wannan fage ba. A hadisan Bukhari da Muslim an hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, kuma an umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani rauni. Malamanmu na karanta waɗannan a babin ladubba, mu kuma muna sauraro kamar labarin zamanin baka da kwari. Ba mu taɓa jin an karanta su a wajen rabon sintiri ba, alhali nan ne muhallinsu.

Idan mutum ya duba yadda filayen koyon harbi na ƙasashen da suke da su ke karɓar baƙo, abin da zai fara lura da shi shi ne sun mayar da rashin sani abu na yau da kullum. A Amurka, inda irin waɗannan filaye suka yi yawa, tun a bakin kanta ake tambayar mutum ko ya taɓa harbi, kuma wanda ya ce a'a ba a yi masa dariya, ƙarin kulawa yake samu. Ana zaunar da shi a yi masa bayanin dokokin fili. Ana ba shi abin toshe kunne da tabarau, domin ƙarar harbi kan haura desibel 140, matakin da ko sau ɗaya ne yana iya lalata ji har abada. Ana fara masa da ƙaramar bindiga marar dukan kafaɗa sosai, kuma malamai da yawa harsashi ɗaya tak suke sa masa a karon farko, saboda idan ya firgita ya juyo, babu sauran abin da zai fita. Akwai mai kula da fili da ke tsaye bayansa, kusa da inda hannu zai kai. Akwai kalmar tsagaita wuta wadda kowa a filin, har wanda ya zo yau, yana da ikon faɗa, kuma da an faɗe ta kowa zai tsaya. Wannan ta ƙarshe ta fi burge mu. Sabon zuwa yana iya tsayar da tsohon hannu, kuma babu mai ce masa wa ya aike ka. Filaye da yawa ma ba sa ba da hayar bindiga ga baƙon da ya zo shi kaɗai, saboda an sha samun masu zuwa da niyyar kashe kansu.

Ƙa'idojin da suke karantarwa guda huɗu ne, waɗanda aka fi dangantawa da Jeff Cooper, tsohon sojan da ya kafa makarantar harbi a jihar Arizona a 1976. Ma'anarsu ita ce a ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗurarriya, kada bakinta ya kalli abin da ba a shirya halakawa ba, yatsa ya nisanci kunama sai an gama saiti, sannan a tabbatar da abin da ake auna da abin da ke bayansa. Da muka fassara wa kawu su, cewa ya yi to mene ne sabo a ciki. Gaskiyarsa. Bambancin kawai su sun rubuta sun manna a bango, suna maimaita wa kowane baƙo ko da ya ce ya sani.

Kada a ɗauka can ɗin aljanna ce. A watan Agustan 2014, a wani fili a jihar Arizona ɗin dai, aka ba yarinya 'yar shekara 9 bindiga samfurin Uzi, iyayenta na ɗaukar bidiyo. Ta harba guda ɗaya lafiya. Malamin ya mayar da bindigar yanayin ɓarin wuta, ta ja, ƙarfin bindigar ya ɗaga hannunta, harsashi ya same shi a kai, ya mutu. Filin na masu yawon buɗe ido ne, abin da ake sayarwa a wurin shi ne burgewa. A ganinmu cutar ɗaya ce da ta bayan garinmu. Can kuɗi da hoto, nan dariya da nuna mazantaka, amma a duka biyun an ba sabon hannu abin da ya fi ƙarfinsa don masu kallo su ji daɗi.

A sana'armu ba a ba wanda ya fara aiki yau mabuɗin manhajar da jama'a ke amfani da ita. Ana ba shi kwafinta a wani keɓantaccen wuri inda zai yi ɓarna iya son ransa babu wanda ya yi asara, sai wani ya duba aikinsa kafin a sake shi ga mutane. Kuma ko bayan haka, idan abu ya lalace ana iya mayar da shi yadda yake jiya. Duk wannan hattara a kan abin da ake iya gyarawa ne. Bindiga ba ta da madannin komawa baya, amma ita ce muke miƙa wa yaro da kalma biyu.

Kuma ba nisa ne da mu da inda aka san yadda ake yi ba. Daffo na sojoji a Zariya, wanda ke horar da kuratan soja tun 1924, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba ce daga Funtua. Duk wanda ya yi zama da tsohon soja ya ji yadda ƙurtu ke shafe makonni yana ɗaukar bindiga, yana kwance ta, yana gogewa, yana mayarwa, kafin a kai shi filin harbi. Akwai cin zali a horon soja, ba ma musu, amma a kan layin harbi babu wasa, kowa na jiran umarni. A kusan kowace unguwa a Funtua da Malumfashi akwai tsohon soja ko tsohon ɗan sanda da ke zaune a kan benci yana jiran fansho. Ilimin yana nan, kyauta, yana tsufa.

Me ya hana a yi amfani da shi? Wani ɓangare doka ce. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ita ke aiki, ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba wa lasisi kamar bindigar farauta mai baki biyu, da kuma masu ɗuri ta baki irin ta toka, waɗanda lasisinsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ta jero waɗanda ba za a ba lasisi ba: wanda bai kai shekara 17 ba, mai taɓin hankali, mai raunin gani, mashayi, da wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. A cikin jerin nan babu wanda bai iya riƙe ta ba. Sannan mafi yawan bindigogin da ke ƙauyuka ba su da takarda ko kaɗan. Saboda haka tsohon sojan da zai tara matasa da rana tsaka ya koya musu inda ake ajiye yatsa, yana tsoron a ce yana horar da 'yan ta'adda. Gwamnati ta ce a kare kai, doka ta ce a nemi lasisi, lasisi ba ya samuwa, sai koyo ya koma ɓoye. Abin da aka koya a ɓoye kuwa cikin gaggawa ake koyonsa, kuma babu wanda zai kai rahoto idan an yi rauni. Sai a ce wa likita faɗuwa ya yi a kan babur.

Rundunar tsaron al'umma aƙalla an yi mata horo kafin a ba ta makami, kuma akwai sunan kowa a rubuce. Amma 'yan dubbai ne a jihar da ke da ƙananan hukumomi 34. Sauran masu kwana a bakin gari ba su cikin kowane littafi.

Akwai wata tambaya da ta fi duk waɗannan nauyi, kuma ba za mu tsallake ta ba. Wani zai ce idan aka koya wa kowa harbi da kyau, ai an ƙara yawan masu kisa ne. Tsoron nan yana da tushe. Mun san abin da wasu 'yan sa-kai suka aikata, yadda aka riƙa tare Bafulatani a hanyar kasuwa a kashe shi don kamanninsa kawai, da yadda ramuwar ta riƙa faɗawa kan ƙauyukan da ba su ji ba ba su gani ba. Gwamnatocin Katsina da Zamfara sun sha haramta ayyukansu saboda haka. Sai dai mu a namu ganin, wanda aka tarbe shi ranar farko da "kai ba namiji ba ne" shi ya fi kusa da wannan hanya. An nuna masa cewa darajarsa tana cikin jan kunama da sauri. Da dare, cikin gonar dawa da ta fi mutum tsawo, idan ya ji motsi, abin da jikinsa ya haddace shi ne jinkiri abin kunya ne. Motsin kuwa yana iya zama ɗan sintirin unguwar gaba, ko makiyayi da ya ɓatar da saniya, ko mai tabin hankali da ke yawo, ko miji da ya fita neman ungozoma. Wanda aka fara koya wa cire yatsa daga kunama, aka sa shi ya maimaita har ya gaji, shi ne zai iya tsayawa ya ce wane ne nan.

Ba a kuma tuna mata a wannan lissafi. Bindigar da ta kwana a bakin gari da safe ɗaki take komawa, a jingine ta bayan ƙofa ko a tura ƙarƙashin gado, mai ita ya kwanta ramuwar barci ko ya wuce gona. Matar gida ce ke shara a gefenta, ita ce ke korar yara daga wajen, kuma sau da yawa ba ta san ko akwai ɗuri a ciki ba. Wata yayarmu ta ce ita abin da take yi shi ne ta lulluɓe ta da tsohon zane, wai idan yaran ba su gani ba ba za su taɓa ba. Ɗanta mai shekara bakwai ya san inda take, ya san sunanta, yana kwaikwayon ƙararta da baki. Babu wanda ya taɓa zaunar da uwar ya nuna mata yadda ake gane ɗurarriya, domin wai wannan ba zancen mata ba ne.

Bara da kaka, matasan ƙauyen kawu suka roƙe shi ya koya musu. Ya ce zai yi, da sharaɗi ɗaya: mako guda babu albarushi. Ya sa kowa ya sari karan dawa mai tsawon bindiga, ya ɗaura jan ƙyalle a kai ɗaya, nan ne baki. Da shi za su je gona, da shi za su zauna majalisa, da shi za su hau babur. Duk wanda ya ga jan ƙyallen wani ya kalle shi, yana da ikon ya ce tsaya, ko da mai karan ya girme shi, kuma wanda aka tsayar zai sake ƙirga kwanakinsa daga farko. Mutanen gari sun yi ta dariya, yara na bin su suna waƙa. Cikin su goma sha ɗaya, huɗu suka yi fushi suka bar zuwa tun kwana na biyu, ɗaya ya ce shi ba zai zama abin wasan yara ba alhali yana da mata biyu. Bakwai suka gama, wani sai da ya yi kwana goma sha tara.

Ranar harbin, kawu ya kai su gindin wani tudu da babu hanya a bayansa, ya aiki yaro ya zagaya ya tabbatar babu mai kiwo. Ya ba kowa auduga ya cusa a kunne, abin da ba ya wuya a ƙasar Funtua. Shi ya ɗura da hannunsa a gaban idonsu, kaɗan, yana faɗin abin da yake yi. Ya kori 'yan kallo. Mutum ɗaya a lokaci guda, shi kuma yana tsaye a bayansa tafin hannunsa a kan kafaɗar yaron. Na ukunsu da ya ɗora kunci a kan bindigar sai hannunsa ya kama rawa, ya ce, "Baba, ba zan iya ba." Kawu ya karɓa, ya ce ya je ya zauna a inuwa ya sha ruwa, gobe ma rana ce. Yaron bai dawo gobe ba. Yanzu shi ke riƙe fitila da usur a sintirinsu, kuma shi ke da lambar wayar kowa.